Likkafanin ulu da takabar shekara 40 a tsohuwar Ingila

Da gaske ne an taɓa kafa wa likkafani doka a Ingila?

Ƙwarai kuwa. A 1666 majalisar dokoki ta hana a binne kowa sai a cikin ulun tumakin ƙasar. A 1678 ta ƙara tsanantawa: dangin mamaci su yi rantsuwa cikin kwana 8 cewa da ulu suka suturta shi, in ba haka ba su biya tarar fam 5. Dalilin na kasuwa ne tsantsa, domin yadin lilin da ake shigo da shi daga waje yana kashe wa masaƙan gida ciniki. Rabin tarar na wanda ya kai ƙara ne, shi ya sa wasu attajirai kan tura ɗan gida ya tona asirin, rabin kuɗin ya dawo musu. Sai a 1814 aka soke dokar.

Ba wanda aka ɗauke wa?

An ɗauke wa waɗanda annoba ta kashe. A 1665 ta ci kusan mutum 100,000 a Landan. Gidan da ta shiga akan rufe shi da mutanensa kwana 40, a zana jan gicciye a ƙofa, a ajiye mai gadi.

Ƙauyuka fa?

Eyam da ke Derbyshire ya fi shahara. Cutar ta iso cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan. Limamin cocin, William Mompesson, ya shawo kan jama'a suka killace kansu, ba shiga ba fita. Maƙwabta kan ajiye abinci a bakin iyaka, 'yan ƙauyen su bar kuɗin cikin ruwan khal a ramukan wani dutse, da zaton khal ɗin na kashe cutar. Kowa shi ke binne nasa. Elizabeth Hancock ita kaɗai ta binne mijinta da 'ya'ya 6 cikin kwana 8. Mutum 260 suka rasu, har da matar limamin.

Suna takaba kamar mu?

Tasu ma ta fi tsawo a ƙarni na 19, ko da yake al'ada ce kawai. Matar da mijinta ya mutu takan kai shekara 2 cikin baƙaƙen kaya. Sarauniya Biktoriya ta wuce gona da iri: tun rasuwar mijinta Albert a 1861 ba ta tuɓe baƙi ba har ta mutu a 1901. Masu sassaƙa baƙin dutsen ado na garin Whitby, wanda masu takaba ke ado da shi, su ne suka ci ribar abin.