Matt Ridley, Viscount na 5: marubuci, tsohon shugaban bankin Northern Rock kuma tsohon ɗan majalisar gado

Matthew White Ridley, wanda aka fi sani da Matt Ridley, ɗan Birtaniya ne, marubucin kimiyya, ɗan jarida, ɗan kasuwa kuma tsohon ɗan majalisar dattawan ƙasar. An haife shi ranar 7 ga Fabrairu 1958 a arewa maso gabashin Ingila. Shi ne mutum na biyar da ya riƙe sarautar Viscount Ridley, wadda ya gada a 2012 bayan rasuwar mahaifinsa. Abubuwa biyu ne suka fi jawo masa surutu, wato durƙushewar bankin Northern Rock a hannunsa a 2007, da kuma matsayinsa kan ɗumamar yanayi alhali a lokacin ana haƙar kwal a filin gidansu.

Gidansu da karatunsa

Gidan Ridley tsohon gidan dukiya ne a yankin Northumberland, suna da katafaren fili da ake ce ma Blagdon kusa da birnin Newcastle. Ƙanin mahaifinsa Nicholas Ridley ya yi minista a gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher, sannan Owen Paterson da ya taɓa zama ministan muhalli mijin marigayiya 'yar uwarsa ne. Ridley ya yi makarantar Eton, daga nan Jami'ar Oxford inda ya karanta ilimin dabbobi, ya samu digirin dakta a 1983 da bincike kan yadda wani tsuntsun daji dangin fakara ke barbara. A 1984 ya kama aiki da mujallar The Economist, ya yi editan kimiyya, ya yi wakilinsu a Washington. Wajen rubutu kam ba a raina shi, littafinsa Genome na 1999 ya warware wa mutane da yawa yadda ƙwayoyin gado ke aiki cikin harshe mai sauƙi, shi ne kuma shugaban farko na cibiyar kimiyya ta Centre for Life da ke Newcastle.

Northern Rock

Ya shiga kwamitin daraktocin bankin, mai hedkwata a Newcastle a lokacin, a 1994, ya zama shugaban kwamitin a 2004, kujerar da mahaifinsa ya taɓa zama a kai daga 1987 zuwa 1992. To shi dai ba ma'aikacin banki ba ne, masanin dabbobi ne, kuma wannan batu ya dawo ya bi shi daga baya.

Yadda bankin ke cin kasuwa shi ne asalin matsalar. Maimakon ya dogara da ajiyar kwastomomi yadda aka saba, sai ya riƙa ranto kuɗi daga wasu bankuna da kasuwannin kuɗi na duniya, bashi na gajeren lokaci, ya juya ya ba mutane bashin sayen gida na shekara 25 ko fiye, har kusan kashi 75 cikin 100 na kuɗin da yake juyawa daga can suke fitowa, kuma akwai wani tsari nasu mai suna Together da za a ba ka har kashi 125 cikin 100 na darajar gidan da za ka saya, wato bashin ma ya fi gidan tsada. Muddin kasuwa na tafiya lafiya lau ne. A watan Agusta 2007 rikicin bashin gidaje na Amurka ya sa bankuna suka daina ba juna rance, famfo ya ƙafe rana ɗaya.

Daren 13 ga Satumba BBC ta ba da labarin cewa Northern Rock ya nemi agajin gaggawa daga Babban Bankin Ingila. Washegari da sassafe layi ya cika ƙofar rassan bankin, galibi tsofaffi 'yan fansho riƙe da littafin ajiya, wasu layin har ya zagaye kwana, shafin bankin na intanet ma ya kasa ɗaukar jama'a. An kwashe kusan fam biliyan 1 a ranar kaɗai. Rabon Birtaniya da ganin irin wannan rububi tun ƙarni na 19. Sai da ministan kuɗi Alistair Darling ya fito ranar 17 ga Satumba ya ce gwamnati ta tsaya wa duk mai ajiya sannan hankali ya kwanta.

Ridley ya bayyana gaban kwamitin kuɗi na majalisar wakilai a watan Oktoba, ya kare kansa da cewa babu wanda ya hango kasuwanni za su rufe gaba ɗaya lokaci guda, bayan 'yan kwanaki ya yi murabus ranar 19 ga Oktoba 2007. Rahoton kwamitin na Janairu 2008 bai yi masa sassauci ba, ya ce shugabannin bankin sun bi hanya mai haɗari ta ganganci, ya kuma ɗora laifi kan shugaban kwamitin daraktoci saboda gaza taka burki. A Fabrairu 2008 gwamnati ta karɓe bankin. Dubban ma'aikata sun rasa aiki a yankin da dama can aiki ke wuya, ƙananan masu hannun jari, cikinsu har da ma'aikatan bankin da suka zuba ɗan abin da suka tara, suka tashi a tutar babu, kuma wannan ɓangaren ne ya fi ciwo a duk labarin. Daga baya aka sayar wa kamfanin Virgin Money wani sashe na bankin kan fam miliyan 747. Marubuci George Monbiot na jaridar Guardian ya sha caccakarsa cewa mutumin da ya yi shekaru yana rubuta gwamnati ta cire hannu daga kasuwa, bankinsa ne kuɗin masu biyan haraji ya ceta.

Majalisar dattawa

Wata doka ta 1999 ta kori yawancin masu kujerar gado daga majalisar, aka bar 92 kacal. A wancan lokacin idan ɗaya ya rasu akan yi zaɓen cike gurbi, amma masu sarautar gado ne kaɗai ke tsayawa, kuma a mafi yawan lokuta 'yan uwansu masu gado na jam'iyya ɗaya ne ke kaɗa ƙuri'a. Ta nan Ridley ya shiga a Fabrairu 2013 ƙarƙashin jam'iyyar Conservative, ya maye gurbin marigayi Earl Ferrers, shekara biyar da 'yan watanni kenan bayan abin da ya faru a banki, ba tare da wani mai ajiya ko mazaunin Newcastle ya samu damar cewa eh ko a'a ba. A majalisa ya goyi bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, da noman irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, da fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don tatso gas. Ya yi ritaya a Disamba 2021.

Kwal da yanayi

Ridley bai musanta cewa duniya na ɗumama ba ko cewa da hannun ɗan Adam a ciki, abin da yake cewa shi ne ana zuzuta haɗarin, kuma injinan samar da lantarki daga iska asarar kuɗi ne. Masana yanayi da dama sun ƙalubalanci hujjojinsa, suna cewa yana zaɓar alƙaluman da suka dace da ra'ayinsa. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne mahaƙar kwal ta Shotton da kamfanin Banks ya gudanar a filin Blagdon, gidan na samun kuɗi daga ciki, shi ma ya sha bayyana hakan da kansa a rubuce-rubucensa. A 2015 masu fafutukar kare muhalli sun tare mahaƙar suka tsayar da aiki. Da ƙasar da aka tono daga ramin aka gina Northumberlandia, wani ƙaton tsibin ƙasa mai siffar mace a kwance da aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 2012.

A 2021 ya haɗa kai da masaniya Alina Chan suka fitar da littafin Viral, inda suka ce ya kamata a binciki yiwuwar cutar korona daga ɗakin gwaji na birnin Wuhan da ke China ta ɓulle, batun da har yau masana ke jayayya a kai.