Sayar da haƙƙin ƙirƙira na ƙasashen waje: tambayoyin da ba sa ƙarewa

In na sayar da haƙƙina na Jafan, na rasa na gida ke nan?

A'a. Kowace ƙasa da takardarta. Abin da ka sayar shi kaɗai ya tafi.

To ina ribar?

Kuɗi a hannu yau, da kayan da ka sauke daga kanka. Takardar haƙƙin ƙirƙira shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da buƙata, kuma ba kyauta take rayuwa ba. A Turai duk shekara ake biyan kuɗin sabuntawa, yana hawa. A Amurka sau uku ne: bayan shekara 3 da rabi, 7 da rabi, 11 da rabi. Ga fassara zuwa Jafananci da Sinanci, ga lauya a kowace ƙasa. Ƙaramin kamfani ya fi buƙatar kuɗin nan wurin inganta kayansa.

Ai wata rana za mu shiga kasuwar can.

Yaushe? Da wane dillali, da wane jari? Yau in wani ya kwaikwayi kayanka a Jamus, kana da ƙarfin shari'ar shekaru a kotunsu? Takarda ba ta kama mai kwaikwayo da kanta, mai ita ne ke kai ƙara. Haƙƙin da ba ka iya karewa, gara ya koma hannun wanda zai iya, ya biya ka.

Na ji an sayi haƙƙoƙin Nortel dala biliyan 4.5.

A 2011 ne, kuma takardu kusan 6,000 ne na katafaren kamfanin sadarwa. Cire wannan daga lissafinka.

A ƙasar Sin ake ƙera mana kaya. Mu sayar da haƙƙin can?

A nan ne ake ƙonewa, don haka a saurara. Takardar ba sayarwa kaɗai take hana wa wasu ba, har ƙerawa. Ranar da ka sa hannu, masana'antar da ke yi maka aiki ta zama mai keta haƙƙin wani, ko da duk kayan waje za su fita. Mafita ita ce mai saye ya mayar maka da lasisin ƙerawa a cikin yarjejeniyar, a rubuce: ya shafi masana'antar da kake ba kwangila, kuma ya bi takardar in shi ma ya sayar wa wani. Ko hakan ya wadatar, ya danganta da dokar ƙasar da yadda aka tsara kalmomin. Wani lokaci ma ba mai saye lasisi na shi kaɗai ya fi sayar masa da takardar, domin mallaka tana hannunka, in ya daina biya ka karɓe abinka. Sai dai nauyin sabuntawa yakan ci gaba da zama a wuyanka, kuɗin kuma kaɗan-kaɗan suke shigowa.

Sannan ka tambayi lauyanka: kayan mai saye za su iya dawowa kasuwarka da araha? A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar kamfanin Lexmark, cewa kayan da aka sayar da yardar mai haƙƙi, ko a ƙasar waje ne, ba zai iya amfani da takardarsa ya hana su shigowa ba. Tarayyar Turai nata tsarin daban ne. Kada ka rubuta jimlar da za a karanta a matsayin yardarka.

Zan iya sayar da na Faransa in riƙe na Italiya?

In takardu ne na ƙasa-ƙasa, eh. In takardar bai-ɗaya ta Turai ce da ta fara aiki a Yunin 2023, dungurungum ake sayar da ita.

Ban samu takardar ba tukuna, na makara ko na yi wuri?

Kwantar da hankalinka, buƙata ma ana sayar da ita. In ta tsarin PCT ka shigar, wato buƙata ɗaya da ke aiki ga ƙasashe da yawa, kana da wata 30 daga buƙatarka ta farko a yawancin ƙasashe kafin manyan kuɗaɗe su faɗo. Nemi mai saye tun da sauran lokaci. Wanda ya zo a wata na 29, kowa ya san a matse yake, farashin da aka ga dama za a yi masa.