Ma'anar "kalca", gwajin da ake cewa ka dawo bayan kwana uku

A asibitocinmu ana yawan jin likita ya ce, "Je ka a yi maka kalca," ya rubuta haruffa uku a takarda, M/C/S. Majiyyaci ya kai fitsari ko jini ko majina ɗakin gwaji, sai a ce masa ya dawo jibi ko gata. A nan ran mutane da yawa yake ɓaci. Gwajin zazzaɓin cizon sauro minti ashirin ne an gama, to me zai sa wannan ya ci kwanaki?

Kalca na nufin renon ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaji har su yi yawan da ido zai gan su, a tantance ko waɗanne iri ne. Haruffan nan uku kuwa matakai uku ne: M duban farko ne a madubin likita, C shi ne renon, S kuma gwada magunguna a kan ƙwayar da ta fito. Aikin ya yi kama da noma, ka shuka iri yau, dole ka jira ya tsiro kafin ka ce gero ne ko dawa.

Duban farko ba ya ɗaukar lokaci. Ana shafa ɗan abin da aka kawo a kan gilashi, a rina shi da rinin da wani likitan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884 lokacin yana aiki a Balin. Ƙwayoyi masu kaurin bango sukan riƙe launin shuni ko an wanke su, masu siririn bango kuwa su sake shi su koma ruwan hoda. Sannan a dubi siffarsu, ko dunƙulallu ne da suka taru gungu-gungu, ko sun jeru a layi, ko masu tsawo ne. Wannan kaɗai yakan ceci rai. Idan aka ɗebi ruwan ƙashin bayan yaro a lokacin zafi, aka ga dunƙulallun ƙwayoyi ruwan hoda bibbiyu, an san ƙwayar sanƙarau ake zargi, kuma ba a jiran gobe kafin a ci gaba da magani.

Renon kansa a faranti ake yin sa, mai murfi, wanda Julius Petri ya tsara a 1887 a ɗakin gwajin Robert Koch a Jamus. A ciki akwai abincin ƙwayoyin da aka daskarar da agar, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku. Da can jelatin ake sawa, amma yana narkewa a zafin jikin mutum. Fanny Hesse, matar wani abokin aikin Koch, ita ta ba da shawarar agar, wanda ta sani tun daga kicin, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba. Ma'aikaci yakan ƙona ɗan zoben waya a wuta har ya yi ja, ya huce, ya ɗebi abin gwajin ya jajja layuka a kan farantin yadda ƙwayoyin za su rarrabu ɗai-ɗai. Sai a sa a inkubeta mai ɗumin digiri 35 zuwa 37, ya kwana. Ƙwayar E. coli, wadda ta fi kowace haddasa ciwon mafitsara, tana iya rabuwa biyu duk minti 20 in ta sami daɗin wuri, don haka kafin awa 18 zuwa 24 guda ɗaya ta zama ɗigo mai ɗauke da miliyoyi. Wannan ne ya sa katsewar lantarki a ɗakin gwaji ba ƙaramar matsala ba ce.

Da safe ne gwanintar ma'aikaci take bayyana. Faranti iri-iri ne. A kan mai suna MacConkey, E. coli takan fito ruwan hoda saboda tana cin sukarin madara, Salmonella mai kawo taifot kuwa ta fito fari-fari. A kan wanda aka haɗa da jinin tumaki ana duba ko ƙwayar ta fasa jinin da ke kewaye da ita. Pseudomonas takan rina farantin kore. Ƙwayar mashaƙo, wadda ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023, baƙi take fitowa a kan faranti na musamman mai sinadarin telurait. Daga nan sai ƙananan gwaje-gwaje su raba gardama: a ɗiga wa ƙwayar ruwan haidirojin feroksaid, in ta yi kumfa dangin Staphylococcus ce, in ba ta yi ba a koma wajen Streptococcus.

Mataki na uku shi ne yake cin kwana na biyu. A shimfiɗa ƙwayar a sabon faranti, a ɗora ƙananan takardu zagayayyu, kowace ɗauke da antibayotik daban, bisa tsarin da Kirby da Bauer suka daidaita a Amurka a 1966. Washegari a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa kewaye da kowace takarda, da milimita. Shi ne za ka ga S a gaban maganin da ya ci ta, R a gaban wanda ta fi ƙarfinsa, I kuma a tsakani. Kalcar jini takan kai kwana biyar zuwa bakwai kafin a ce babu komai. Ta tarin fuka kuwa har mako takwas, shi ya sa aka koma ga na'urar GeneXpert da ke ba da amsa cikin kusan awa biyu.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne yadda ake fassara sakamakon a gari. Mutum ya ga an rubuta Staphylococcus aureus a takardarsa, hankalinsa ya tashi, masu tallar maganin "sanyi" a kasuwa da rediyo su ƙara tsorata shi cewa ita ce ke hana haihuwa. Alhali kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wannan ƙwaya a hancinsa ko fatarsa lafiya lau. Tana iya yin mummunar illa idan ta shiga jini ko ƙashi ko rauni, wannan gaskiya ne. Amma fitowarta a fitsarin da aka tara a kwalbar da hannu ya taɓa cikinta sau da yawa shaida ce kawai ta yadda aka ɗebi fitsarin. Shi ya sa ake cewa a yi tsarki da ruwa, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a kai cikin awa biyu. A fitsari ma ƙirga ake yi, kuma ma'aunin da aka saba da shi shi ne ƙwaya 100,000 a mililita ɗaya.

Haka nan wanda ya biya kemis ya sha kafso kwana biyu kafin ya zo, yana iya samun takardar da ta ce babu abin da ya tsiro, alhali cutar tana nan, maganin ne ya danne ta. A faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha. Kuma a daina ɗaukar gwajin Widal, wanda ake yi don neman taifot, a matsayin kalca. Shi wannan, tun 1896 da aka fito da shi, martanin jiki yake dubawa, yana iya nuna alama ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar tun bara ko wanda wani zazzaɓin daban ke damu. Kalcar jini ce ke kamo ƙwayar taifot ɗin kanta.

Jerin S da R kuma ba takardar sayen magani ba ce. Nitrofurantoin yana iya fitowa da S, ya yi aiki a mafitsara, amma ba ya kaiwa inda ake so idan cutar ta hau ƙoda. Tetracycline yana iya fitowa da S, amma ba a ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro. Takardar ta koma hannun likitan da ya rubuta ta, shi zai haɗa ta da abin da ya gani a jikin majiyyaci ya zaɓi magani da adadin kwanakin da za a sha.