Gajiyar da hutu ba ya warkarwa: ina ƙwayoyin hafis suka shigo?

Wace irin gajiya ake nufi?

Ba irin ta wanda ya wuni yana aiki ba ce. Mai ciwon gajiya mai naci, wanda likitoci ke kira ME/CFS, yana iya yin wanka da ɗan taku a tsakar gida yau, gobe ko jibi jikinsa ya mutu, ya kasa tashi daga gado har kwanaki. Wannan faɗuwa bayan ƙaramin motsi ita ce babbar alama. Rahoton Cibiyar Nazarin Magunguna ta Amurka na 2015 ya haɗa ta da barcin da ba ya wartsakewa, da raguwar ƙarfi na aƙalla wata 6, sannan ko ruɗewar tunani ko jiri idan an tsaya.

Me ya sa ake zargin ƙwayoyin hafis?

Dangi ne na bairus, kuma cikinsu akwai mai kawo ƙarambau da mai kawo ƙurajen leɓe. Halinsu ɗaya: in sun shiga jiki ba sa fita, sai dai su laɓe, wani lokaci su farka. Wadda aka fi zargi ita ce bairus ta Epstein-Barr, wato EBV, da aka gano a 1964, mai kawo zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya. Sai wata 'yar dangin, HHV-6, da aka gano a 1986.

Zargin ya yi ƙarfi bayan ɓarkewar ciwon a Incline Village ta jihar Nevada a 1984, har aka riƙa ce masa ciwon EBV mai naci. A 1988 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fito da sunan CFS, wanda bai jingina shi ga wata ƙwaya ba, domin hujjar ba ta kai ba. Amma alaƙar ba ta mutu ba. A binciken da aka yi a Cikago aka wallafa a 2009, kashi 13 cikin 100 na matasan da suka yi zazzaɓin EBV sun cika sharuɗɗan ciwon bayan wata 6, bayan shekara 2 kuwa saura kashi 4. Wani bincike a Dubbo ta Ostireliya, na 2006, ya nuna cewa cututtukan da ba hafis ba ma suna iya barin mutum haka. Abin da ya fi yin tasiri shi ne tsananin rashin lafiyar farko.

An yi min gwajin jini an ga EBV. Ke nan an gano dalili?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sama da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da EBV, HHV-6 kuwa kusan kowa ya kamu da ita tun yana ɗan shekara 2 ko 3. Gwajin IgG, wato sinadarin kariya da jiki ke yi wanda ke daɗewa a jini, sawun ƙafa kawai yake nunawa: ƙwayar ta taɓa wucewa, garkuwar jiki ta san ta. Lafiyayyen da ke zaune kusa da kai a layin ɗaukar jini, da wuya a ce nasa bai nuna haka ba. IgM, sinadarin kariyar da ke fara fitowa, shi ke nuna sabon kamu. Gwajin PCR kuwa yana neman ƙwayar halittar bairus ɗin da kanta, sai dai shi ma yana da tarko. Kimanin mutum 1 cikin 100 an haife shi da HHV-6 a saƙe cikin halittarsa, don haka adadin da za a gani a jininsa kullum a sama yake ko lafiyarsa lau. Kuma in ƙwayar ta laɓe a wata gaɓa, jini ba lallai ya nuna ta ba.

To da me ake tabbatar da ciwon?

Da tarihin marar lafiya da alamominsa. Gwaje-gwajen da ake yi, na kore wasu cututtuka ne: ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar hanta ko ƙoda ko maƙoƙo, ɗaukewar numfashi cikin barci.

Ina aka kwana wajen neman alamar da za a auna a jini?

Ana ta nema, kuma an taɓa cin tuntuɓe. A 2009 aka yi shelar wata bairus mai suna XMRV, wadda ba ta dangin hafis ba, duniya ta ɗauka. A 2011 mujallar Science ta janye rahoton, ashe gurɓatar ɗakin gwaji ce. A 2019 masana a Jami'ar Stanford sun zuba wa ƙwayoyin jini gishiri suka auna yadda lantarki ke ratsa su, na'urar ta bambance masu ciwo 20 daga lafiyayyu 20. Abin burgewa ne, amma mutum 40 sun yi kaɗan, kuma ainihin jarrabawar ita ce bambance wannan ciwo daga wasu masu kama da shi.

Maganin kashe bairus fa?

An gwada valganciclovir a Stanford kan mutum 30, aka wallafa a 2013. Wasu ma'aunai sun nuna ɗan sauƙi, amma babban ma'aunin da aka sa a gaba bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. Maganin kuma yana iya rage ƙwayoyin jini, shi ya sa duk wanda aka ɗora a kansa sai an riƙa duba jininsa a kai a kai.