Ba kowane ciwo ake daurewa ba a filin atisaye

Duk yamma idan na tashi daga asibiti nakan bi ta gefen filin ƙwallon unguwarmu, kuma abin da na fi ji daga bakin koci shi ne, "Daure mana, kai ba namiji ba ne?" Wani lokacin da gaskiyarsa. Mai raki ba ya ƙwallo, balle dambe ko kokawa. Sai dai ciwo iri-iri ne, kuma yawancin yaran da ake kawo mana ba a taɓa bambance musu ba.

Akwai tsamin jiki. Shi wannan washegarin atisaye mai nauyi yake zuwa, ya fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, ya kama cinyoyi duka biyun, kuma da jiki ya ɗumama sai ya lafa. Maganinsa motsi kaɗan-kaɗan, ruwa, abinci da barci. Wannan a daure.

Wanda ba a daurewa shi ne mai suka a wuri guda, mai kumburi, mai sa ɗingishi, ko gwiwa ta riƙa sulluɓewa. A fito daga fili nan take, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Idan yaro ya kasa taku huɗu a kanta, a fara yin hoto kafin a je wurin mai ɗori. Tsagewar ƙashi takan yi kama da targaɗe. Ciwon ƙirji, bugun zuciya marar tsari ko suma ana cikin gudu kuwa, babu jira. Manyanmu ba su manta da ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana karawa da Angola, bai sake tashi ba. Haka ma babu jira idan fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye: tsoka ce ta farfashe, ƙoda na cikin haɗari. Ɗan damben da ya sha naushi a ka har ya ga jiri, ya yi amai ko ya rikice, ya gama wasa ranar, ko makaɗa sun fasa ganga suna kiransa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaya. Yaro ya biya kemis ya haɗiyi tiramol don kada ya ji komai. Raunin yana nan, bakinsa kawai aka toshe, sai ya ci gaba da tattaka shi. Ga kamu, ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar NAFDAC tiramol mai miligiram 50 da mai 100 kawai ta amince da su, su ma da takardar likita, amma mai 225 ake tallatawa a tasha. Mai burin zuwa Turai ya sani: tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa. Diclofenac da ibuprofen ma ba alewa ba ne. Shan su kullum, ciki ba komai, ga zufa da ƙishirwa, shi ke kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Sai ciwon da ba ya kumbura. Yaron da gida duk an zuba masa ido, ya ji rauni, ya zauna a benci wata uku yana kallon wani a gurbinsa, abin da ke cin ransa ya fi na gwiwar. Simone Biles, 'yar wasan alkafura (gymnastics) ta Amurka, ta janye daga wasanni da dama a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda kanta ya daina tafiya tare da jikinta. An yi ta zaginta. A Paris a 2024 ta ci zinare uku.

Fargabar gab da wasa ba cuta ba ce. Jan numfashi a hankali da addu'a kan kwantar da ita. Amma idan an yi mako biyu babu barci, babu cin abinci, yaro ya ƙaurace wa abokai, ko ya fara cewa gara ya mutu, koci da iyaye su zaunar da shi su saurara ba tare da gori ba, sannan a kawo shi asibiti mafi kusa. Idan da buƙata za mu tura shi ga ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato.