Tiyatar furostet da robot: shin ƙarfin namiji yana tsira?

Wani dattijo ne a majalisarmu ta bayan la'asar nan Tudun Wada ya ja ni gefe, ya ce ɗana, an gano wa ƙanena kansar furostet a asibitin Shika, ƴaƴansa na maganar fitar da shi waje a yi masa aiki da robot, to shi ba wuƙar yake tsoro ba, harkar iyali yake tunani. Ga abin da ya yi ta tambaya da amsar da na ba shi.

Wai me ya haɗa furostet da ƙarfin namiji?

Maƙwabtaka ce kawai Baba. Furostet ɗin nan girmanta kamar goro ne, tana ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta (mu kan ce kansar mafitsara, alhali mafitsara daban take). Jijiyoyin da ke sa gaba ta miƙe kuma manne suke da ita hagu da dama ta wajen baya, sirara ne sosai, cakuɗe da jijiyoyin jini. A da in za a cire ta har da su ake kwashewa don ba a ma san takamaiman inda suke bi ba, sai da wani likita Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bi sawunsu, a 1982 ya fara cire furostet ya bar jijiyoyin.

Robot ɗin ne ke yanka mutum da kansa?

A'a wallahi. Likita ne zaune a gefe yana leƙa wata na'ura, yana juya hannayen robot ɗin da yatsunsa. Robot ɗin da aka fi sani sunansa "da Vinci", a 2000 Amurka ta amince da shi. Ƴan ƙananan huji ake yi a ciki, kyamara ta ƙara girman wurin kusan sau 10, kuma hannun ƙarfen ba ya rawa.

To ya ake tsallake jijiyoyin?

Nan ne aikin yake. Kun ga yadda mahauci ke fiɗa, yana bin tsakanin fata da nama a hankali kar ya huda? To furostet tana lulluɓe da tantani hawa-hawa kamar ɓawon albasa, likita zai zaɓi ta wane hawa zai bi. In ya bi dab da jikinta ya bar kusan duk jijiyoyin, in ya ɗan ja baya ya bar wasu, in kuwa ciwon ya leƙo waje ta wani gefe dole ya yanke da faɗi a wannan gefen ya bar na ɗayan. Sannan ba a son zafi a wurin, na'urar da ake ƙona jijiya da ita don tsai da jini tana iya dafa su, sai a ɗame da ƴan kilif a maimako, kuma ba a jan su da ƙarfi don ko ba a yanke ba ja kaɗai yana sumar da su wata da watanni. A Hambag ta Jamus ma sun fito da dabarar NeuroSAFE, mutum na kwance a duba gefen abin da aka ciro a madubin likita, in an ga kansa a bakin a koma a cire jijiyar wannan ɓangaren.

Kowa ake yi wa haka?

Ina. Sai ciwon bai fita daga furostet ba, kuma gwajin jini na PSA da hoton MRI da ɗan naman da aka gutsura aka gwada su ne za su nuna. Matsalarmu kenan a nan, mutum sai ya sha saiwoyi shekara biyu, ƙugu ya riƙe, ciwo ya shiga ƙashi sannan a ɗauko shi, a lokacin ba maganar jijiya kuma, tiyatar ma sau tari ba ita za a yi ba.

In an bar su, komai zai dawo?

Kar a yi masa alƙawari. Shekarunsa, da yadda ƙarfinsa yake kafin aiki, da ko yana da suga, da ƙwarewar hannun likitan, duk suna ciki, kuma dawowar kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wasu sai da magani. Zai yi kamar mako ɗaya zuwa biyu da robar fitsari, bayan nan ɗigar fitsari na ɗan lokaci. Maniyyi kam ba zai sake fita ba ko da gaba ta miƙe, saboda haka in yana da amarya kuma yana son ƙarin haihuwa ya faɗa wa likita tun kafin a shiga da shi, ana iya adana masa.

Baba ya yi shiru, can ya ce shi wannan PSA ɗin jini kawai ake ɗiba? Na ce jini ne kawai, a hannu.