Me ake nufi da "zangon milimita" da ake ta jingina wa 5G?

Ranar nan na ji wani mai sharhi a rediyo yana gargaɗin jama'a cewa 5G na aiki da "zangon milimita", wai don tsabar ƙarfinsa har ƙashi yake hudawa. Mai gabatar da shirin ya ce "Subhanallahi!" aka wuce. Ba tsoratarwar ce ta fi ba ni haushi ba. Kalmar da ya firgita mutane da ita, kakanninmu sun san 'yar'uwarta tun zamanin rediyo mai jaka.

Duk wanda ya taso yana jin Rediyon Kaduna a gajeren zango ya san "mita 49", kamar yadda ya san mita 16 da 19 da 25 na tashoshin waje. Wannan mita awo ce ta gaske, irin ta mai yadi: tsawon igiyar rediyo guda, daga tudu zuwa tudu. Igiyar na gudu kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka iya saurin kaɗawarta, iya gajartarta. Mai kaɗawa sau miliyan 6 a daƙiƙa tsawonta kusan mita 50 ne. Da FM ta zo sai masu shela suka riƙe tsohuwar kalmar, suna cewa "a kan mita 90 da ɗigo kaza", alhali lambar nan megahaz ce, wato sau miliyan nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa, igiyar kuwa mita 3 ce da 'yan kai. Daga nan muka fara rikita awo da lamba, har yau ba mu warware ba.

To zangon milimita shi ne igiyar da ta gajarce har sai da milimita ake auna ta, daga 10 zuwa 1, wato gigahaz 30 zuwa 300 (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne). Sunan tsawo ne, ba na ƙarfi ba. Hasali ma igiya ce mai rauni: bango na tare ta, ganyen bishiya da ruwan sama na rage ta, tafin hannunka kaɗai ya isa ya toshe ta. Ba kuma sabuwa ba ce, masanin kimiyya Jagadish Chandra Bose ya yi gwaji da irinta a Kalkata ta Indiya tun shekarun 1890.

Sannan 5G ɗin da ke Najeriya ba a kanta aka kafa shi ba. Gwanjon zango da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a Disambar 2021, wanda kamfanonin MTN da Mafab suka lashe a kan dala miliyan 273.6 kowanne, na gigahaz 3.5 ne, igiya mai kusan santimita 8 da rabi. Inda zangon milimita ya yi kasuwa shi ne irin su Amurka, a gigahaz 28 da 39. Ko shi 28 ɗin, in za a bi ƙa'ida, milimita 10.7 ne, ya ɗan haura iyaka. Kamfanoni ne suka ja shi ciki, ni kuwa ban taɓa jin daɗin wannan ba.

Abin da ya cancanci mamaki yana cikin wayar, wato matatar zango. Aikinta na rariya ne, sai dai ita tana watsar da na sama da na ƙasa, ta bar wani yanki kawai ya wuce. Wayar da za ta yi aiki a 28 da 39 tana buƙatar matata mai ƙofa biyu, da katanga a tsakaninsu. Mai karatu zai ce a sa matata biyu mana. Ina wurin yake? Saboda raunin igiyar, ana jera ƙananan eriya da yawa don su haɗa ƙarfi wuri guda, tazarar da ke tsakaninsu kuma rabin tsawon igiyar ne, kimanin milimita 5, gwargwadon ƙwayar shinkafa. A wannan ɗan fili ake so kayan kowace eriya su shige.

Dabarar ta yi kama da tsirkiyar garaya. Ɗan siririn layin tagulla da aka shimfiɗa a allon lantarki yana da muryar da tsawonsa ya ba shi, da murya ta biyu mai ninki biyu. Wanda aka yanka don 28, muryarsa ta biyu a 56 take, wadda ba a nema. Sai injiniya ya dasa masa ɗan reshe a tsakiya, ko ya faɗaɗa wani sashe ya tsuke wani, har murya ta biyu ta sauko 39 ba tare da ta farko ta kauce ba, sannan ya nannaɗe layin don ya rage cin wuri. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a tsawon layin, wanda bai kai kaurin gashi ba, yana iya gusar da ƙofar da kusan megahaz 280. Kuma kowace matata tana cin ladanta: in ta ci desibel 3 (desibel awon ƙarfin sigina ne), rabin ƙarfin siginar ya tafi, baturi ya biya.

Katangar da ke hana sigina tsallakawa zangon maƙwabci ma ba ta wasa ba ce. A taron rabon zango na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2019, an ware wa 5G daga gigahaz 24.25 zuwa 27.5, dab da 23.8 inda taurarin ɗan'adam na hasashen yanayi ke sauraron tururin ruwa a sararin sama. Masana yanayi sun yi ta ƙorafi, don matata mai yoyo za ta gurɓata musu awon da ake hasashen ruwan sama da shi. Da mai sharhin nan ya ɗauko wannan, da na ƙara murya na saurare shi har ƙarshe.